Kiwon dodon koɗi a akwatin gilashi: ruwan da yake so, abincinsa da dalilin guje wa na tabki

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin ado a cikin akwatin gilashi, wanda ake kira aquarium da Faransanci, ya san fitinar gansakuka. Mako biyu ko uku da zuba ruwa sai gilashin ya soma yin kore, ragowar abinci kuma ta taru a ƙasa. Ɗaya daga cikin dabarun masu wannan kiwo ita ce saka dodon koɗi na ruwa, wanda ke yini yana kankare gilashi da duwatsu. Wasu ma shi kaɗai suke kiwo, don kyan koɗinsa da kuma yadda yara ke son kallonsa.

Kiwon ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗi. Sai dai a ƙasashen Sahel akwai abin lura da mai kiwo a Turai bai cika damuwa da shi ba. Wasu nau'o'in dodon koɗi da ke cikin tabkuna da gulabe su ne ke rainon tsutsar da ke haddasa tsargiya. Shi ya sa tambayoyi biyu ke gaba da komai a wannan kiwo: daga ina dabbar ta fito, kuma ina za ta ƙare idan an gaji da ita.

Yadda halittarsa take

Dodon koɗi na ruwa daban yake da na tudu, wanda ake ci a kudancin Najeriya da Kamaru da Gana. Na ruwa yakan zama ƙarami, yawancinsu ba su wuce santimita 1 zuwa 5 ba. Yana da harshe mai kama da magagari, cike da ƙananan haƙora, da shi yake kankare gansakuka. Koɗin da yake ɗauke da shi kuwa shi ne ke gina abinsa daga sinadarin kalsiyam da yake samu a ruwa da abinci, yana ƙara sabon gini a bakin koɗin yayin da yake girma.

Ta fuskar numfashi sun kasu. Wasu suna shaƙar iskar da ke narke a cikin ruwa kamar kifi, kuma suna da ɗan murfi da suke rufe ƙofar koɗinsu da shi. Wasu huhu gare su, sai sun riƙa hawowa saman ruwa suna ɗibar iska. Akwai kuma masu haɗa duka biyun.

Nau'o'in da aka fi kiwo

Na farko shi ne nerit, musamman mai zane irin na jakin dawa, wanda masana ke kira Neritina natalensis. Asalinsa bakin kogunan gabashi da kudancin Afirka ne, kuma girmansa santimita 2 zuwa 3. Ba a cika samun wanda ya kai shi cin gansakuka ba. Macen tana manna fararen ƙwai masu kama da riɗi a jikin duwatsu, amma 'ya'yan ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri-gishiri. Saboda haka ba ya cika wa mutum akwati, kuma shi ya fi dacewa da sabon shiga.

Na biyu shi ne babban nan mai suna Pomacea diffusa, ɗan Kudancin Amurka, wanda ke kai wa santimita 5. Ana samun ruwan ɗorawa da shuɗi da fari. Yana da ɗan bututu da yake miƙawa saman ruwa ya shaƙi iska. Da namiji da mace a cikinsu, kuma macen fitowa take yi daga ruwa ta manna dunƙulen ƙwai a jikin gilashi ko murfi. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin mako biyu zuwa huɗu, don haka wanda ba ya son ƙari sai ya ɓamɓare dunƙulen kafin lokacin.

Na uku shi ne mai dogon koɗi kamar tsinin mazari, Melanoides tuberculata, wanda ake samu a Afirka da Asiya. Da rana yana shigewa cikin yashi, da dare ya fito. Yawon da yake yi a ƙarƙashi yana motsa yashin, ya hana shi ruɓewa. Macen ba ta buƙatar namiji, kuma 'ya'ya take haifa kai tsaye, don haka ɗaya tak ta isa ta cika akwati.

Sai kuma waɗanda ba a gayyata ba: mai naɗaɗɗen koɗi kamar ƙahon rago, da ƙaramin nan Physa. Ƙwansu ne ke zuwa manne da ganyen tsiron ruwa, kamar ɗigon majina. Kowane ɗayansu yana da halittar namiji da ta mace a jiki guda, shi ya sa suke saurin yawa.

Me ya sa ba a ɗebo na tabki

Abu mafi sauƙi ga mazaunin bakin kogin Kwara, ko gulbin Maraɗi, ko Komadugu da tabkin Chadi, shi ne ya aiki yaro ya ɗebo masa dodon koɗi kyauta. Wannan arahar ita ce mai tsada.

Cutar tsargiya, wadda ake kira bilharziose da Faransanci, ta samo wannan suna ne daga likitan Jamus Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsarta a birnin Alƙahira a 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan tsutsar na ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi. Bayan kamar wata ɗaya sai su soma fitowa da yawa, suna iyo suna neman fatar mutum. Tsawonsu bai wuce rabin milimita ba, kuma ba sa buƙatar rauni kafin su huda fata. Tsoma hannu a ruwan ya isa.

Nau'i biyu ne ke wannan aiki a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Bulinus ne ke ɗauke da tsargiyar mafitsara mai sa fitsarin jini, Biomphalaria kuma ta hanji da hanta. Inda gizo ke saƙa shi ne kamanni: Biomphalaria ɗan gida ɗaya ne da mai ƙahon rago na akwatin gilashi, Bulinus kuma ya yi kama da Physa ƙwarai, har juyin koɗinsu duka ta hagu yake. Mai kallo da ido ba zai bambanta su ba, balle ya gane wanda ke ɗauke da cuta. Dodon koɗin da ya kamu yana iya shafe makonni yana sakin tsutsa a cikin akwatin da yara ke tsoma hannu kullum, kuma ajiye shi a wani mazubi na 'yan kwanaki ba ya warkar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci maganin rigakafin wannan cuta a 2021, kuma aƙalla kashi 90 cikin 100 na masu buƙatar maganin a Afirka suke.

Abin kwantar da hankali shi ne tsutsar ba ta bin ƙwai daga uwa zuwa 'ya'ya. Dole sai ta ratsa ta jikin mutum ko dabba kafin ta koma ga dodon koɗi. Saboda haka wanda aka haifa aka raina a akwatin gilashi ba ya ɗauke da ita. Mai saye ya tambayi mai sayarwa inda ya samo su. Idan amsar ba ta fito fili ba, gara a haƙura. Haka dokar take ga kainuwa da bado da yashin bakin gulbi: ba a zuba su kai tsaye. Yashi da duwatsu a wanke su, a tafasa ko a shanya su bushe ƙurmus. Tsiron ruwa kuma a samo shi daga wani mai kiwo.

Wanda ya riga ya yi mu'amala da ruwan tabki ya ga jini a fitsari, ya je asibiti. Akwai magani mai suna praziquantel, kuma ma'aikacin lafiya ne ke auna shi daidai da jikin mutum. A wasu garuruwa ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro. Cuta ce, kuma idan ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda.

Shirya akwati da ruwa

Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin ruwa lita 54. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka sai a nemi teburi mai ƙwari. A ajiye shi inda rana ba ta dukansa. A shimfiɗa yashi mai kaurin yatsa biyu ko uku a ƙasa. Ga babban dodon koɗi irin Pomacea ana ware kimanin lita 10 ga kowane ɗaya, nerit biyu ko uku kuma sun ishi akwati mai wannan girma.

Murfi wajibi ne. Nerit da Pomacea suna haurawa su faɗo ƙasa da dare. Ban da haka, akwatin da babu kifi a cikinsa zai iya zama wurin ƙyanƙyasar sauro, don haka murfi mai raga ya fi, ya hana sauro shiga ya kuma bar iska ta ratsa.

Ba a saka dabba ranar da aka zuba ruwa. Kashin dodon koɗi da ruɓaɓɓen abinci suna fitar da guba mai suna amoniya, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin matatar ruwa da yashi ne ke karya ta. Kafin su yi yawan da ake buƙata, sai an yi mako huɗu zuwa shida matata tana aiki, ana jefa ɗan ƙwayar abincin kifi lokaci zuwa lokaci. A wannan zaman jiran ne kuma gansakuka ke tsirowa, wadda nerit zai tarar. Nerit da aka saka a sabon akwati mai tsabta tas yunwa ce ke kashe shi.

Abin da ya fi muhimmanci a ruwan shi ne kalsiyam. Ruwa mai tsami yana cinye koɗi a hankali. A ma'aunin da ake kira pH, ana son ruwan ya tsaya tsakanin 7 da 8. Masu sayar da kayan kifi kan ajiye 'yar takardar gwaji mai sauya launi. Idan babu ita, akwai alamu a gida: ruwan da ke barin farin dasashi a gindin butar shayi, ko wanda sabulu ke wuyar yin kumfa a cikinsa, yana da kalsiyam. Ruwan sama ba shi da shi, don haka bai dace a yi amfani da shi shi kaɗai ba. Ruwan rijiya da na burtsatse ya danganta da ƙasar wurin, wani mai kyau ne, wani gishiri ko kanwa ta yi masa yawa.

Idan kalsiyam ya yi ƙaranci, a tafasa ɓawon ƙwai, a cire yanar ciki, a daka a zuba kaɗan, ko a saka guntun farin dutse irin wanda ke yin kumfa idan an ɗiga masa ruwan lemun tsami. Kada a saka kanwa. Tana kashe tsamin ruwa da ƙarfi a lokaci guda, amma ba ta ba da kalsiyam ɗin da koɗi ke buƙata.

Ruwan famfo yana da kulorin. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya yini kafin a zuba, ko a yi amfani da maganin kashe kulorin. Duk mako a kwashe rubu'in ruwan akwatin a mayar da sabo. Ba a sauya ruwan duka, ba a wanke akwati da sabulu, soson matata kuma a cikin tsohon ruwan akwatin ake ɗauraye shi don kada ƙwayoyin nan masu amfani su mutu.

Zafin bazara da sanyin hunturu

Yawancin waɗannan nau'o'i sun fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 28. A Yamai da Injamena da Marwa zafin watannin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ruwan akwati kuma yana bin zafin ɗaki. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ga shi wutar lantarki ta fi ɗaukewa a daidai wannan lokaci.

A mayar da akwatin ɗaki mafi sanyi. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku. Ana iya jefa rufaffiyar robar ƙanƙara ta yi yawo a sama, amma ba a zuba ruwan sanyi kai tsaye, domin sauyin gaggawa ya fi zafin illa. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama don iska ta shiga, kuma a rage abinci. A hunturu, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, za a ga sun rage motsi da ci. Rufe akwatin da bargo da dare yakan wadatar.

Abinci

Gansakuka da ragowar abincin kifi suna isar ƙananan nau'o'i. Manya suna buƙatar ƙari sau biyu ko uku a mako: yankan kokwamba, kabewa, karas, ganyen salat ko alayyafo. A wanke sosai saboda maganin ƙwarin da ake fesawa a lambu, a tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu don ya yi laushi ya nutse. Abin da ya rage bayan kwana ɗaya a cire shi. Abinci mai gishiri ko mai ko yaji ba ya shiga akwati.

Yawan abinci shi ne babban kuskuren masu kiwo. Idan aka wayi gari ƙananan dodon koɗi sun rufe gilashi, ruwa ba ya tsami banza: abinci ne ya yi yawa. A rage shi, sannan a ajiye ganyen salat da dare, da asuba a ɗauke shi tare da duk waɗanda suka taru a kai. Wasu na kawo wani nau'i daga kudu maso gabashin Asiya, Anentome helena, mai cin 'yan uwansa, sai dai ba ya bambanta wanda ake so da wanda ba a so.

Abubuwan da ke kashe shi

Jan ƙarfe guba ne ga dodon koɗi ko da ɗan kaɗan ne. Wasu magungunan ƙwarin fatar kifi suna ɗauke da shi, don haka a duba kwalin, inda ake rubuta cuivre da Faransanci. Idan kifi ya yi rashin lafiya, a yi masa magani a wani mazubi. Haka gishirin da wasu ke zuba wa kifi, yawancin nau'o'in ba sa jure shi. Maganin sauro na feshi ma haɗari ne: kafin a fesa a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin, kada a buɗe sai warin ya fita.

Maƙwabta ma abin dubawa ne. Kifin talibambam da ake samu a kogin Kwara da tabkin Chadi abincinsa ke nan, yana da haƙoran fasa koɗi. Tarwaɗa ma ba ta barinsa. Ƙananan kifaye masu sanyin hali irin su gupi sun fi dacewa.

Alamun da za a lura da su

Farin tabo ko ramuka a jikin koɗi, musamman a tsininsa, alama ce ta ƙarancin kalsiyam ko tsamin ruwa. Wurin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake, amma sabon ginin zai fito lafiya idan an gyara ruwan. Idan masu kwana a yashi suka fito da rana tsaka suka yi cincirindo a saman gilashi, ruwan ne ya ɓaci ko iska ta yi ƙaranci, sai a sauya kashi ɗaya cikin uku nan take.

Dodon koɗi yana iya rufe ƙofarsa ya yi kwana ɗaya ko biyu bai motsa ba, wani ma ya taso yana yawo a saman ruwa, alhali lafiyarsa ƙalau. Hanyar tabbatarwa ita ce a ciro shi a sansana. Mataccen yana da ɗoyin da ba ya ɓoyuwa, murfinsa kuma a sake yake. A cire shi da wuri, domin babba ɗaya da ya ruɓe ya isa ya gurɓata ƙaramin akwati. Yawancinsu shekara ɗaya zuwa uku suke yi, kuma zafi yana rage musu kwana. A kowane hali, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ruwan.

Kada a sake shi a gulbi

Kamar yadda ba a kawo na tabki gida, haka ba a kai na gida tabki. Wani ɗan uwan Pomacea diffusa mai suna Pomacea canaliculata, wanda ake gane shi da ƙwansa masu launin hoda mai haske, an kai shi Asiya wajen 1980 don a riƙa ci. Ya tsere zuwa gonaki, ya zama ɗaya daga cikin manyan maƙiyan shinkafa a Taiwan da Filifin, yana cinye dashe tun yana ƙarami. Bayan da danginsa suka ɓulla a gonakin shinkafar bakin kogin Ebro a Sifen, Tarayyar Turai ta haramta shigo da dukkan nau'in Pomacea a 2012. A 2020 kuma an tabbatar da ɓullarsa a gandun shinkafa na Mwea da ke Kenya.

Suna ƙanana, da wuya a bambanta mai ɓarnar da na ado, kuma akan sayar da wannan da sunan wancan. Ga yankin da dubban iyalai ke rayuwa da shinkafar Tilaberi da Gaya da Yagwa, dunƙulen ƙwai ɗaya da aka jefa a magudanar ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda dodon koɗi ya yi masa yawa ya bai wa wani mai kiwo, tare da gaya masa wannan sharaɗi. Idan babu mai karɓa, a saka su a firiza su daskare, sannan a binne a busasshiyar ƙasa nesa da ruwa. Jefarwa kawai ba ta isa ba, domin wasu nau'o'in suna rufe kansu su jure fari har damina ta dawo. Ƙwai a murƙushe su. Ruwan da aka kwashe daga akwati kuma a zuba shi a gindin shukar tsakar gida, inda zai zama taki, maimakon kwata mai gangarawa gulbi.